Makirfo shida a kan BeagleBone Black, amma tashoshi biyu kaɗai ke ɗaukar sauti

Ɗalibin Lantarki

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wani aiki da ya tsaya mini yau kwana tara ke nan. Ina haɗa wata 'yar na'ura ce da za a ajiye a tsakiyar teburin ɗakin taro, wadda za ta riƙa gane ɓangaren da mai magana yake zaune domin kyamara ta juya wajensa. Na jera makirfo shida a da'ira mai faɗin santimita 10, tsakanin kowane biyu akwai digiri 60, kuma dukkansu suna shiga aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki) guda mai mayar da sauti lambobi, wanda takardar bayaninsa ta ce yana da mashiga shida kuma yana iya fitar da su duka ta waya ɗaya a tsarin TDM, wato kowane makirfo da nasa gurbin lokaci a kan wayar. Allon da nake aiki da shi BeagleBone Black ne mai Debian a kai, kuma na haɗa aisin da McASP0, wato sashen sauti na ƙwaƙwalwar allon: agogon bit a P9_31, bugun firam a P9_29, wayar bayanai a P9_30, sai I2C domin saita rajistocinsa. Na riga na kashe sautin HDMI a cikin /boot/uEnv.txt, tunda shi ma da wannan McASP0 ɗin yake aiki.

Idan na buga arecord -l (arecord shi ne umarnin ɗaukar sauti a Linux), katin sautin yana bayyana a matsayin lamba 0, kuma i2cdetect yana nuna UU a adireshin aisin, abin da na fahimta da cewa direba ya kama shi. Idan na ɗauki sauti da arecord -c 6 -r 48000 -f S32_LE gwaji.wav, ba tare da na ambaci wata na'ura ba, umarnin yana tafiya lafiya lau, fayil yana fitowa, kuma Audacity, manhajar duba sauti, yana nuna mini layuka shida. Sai dai idan na bi makirfon ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa kowanne da farce, na farko da na biyu ne kawai suke motsa layukansu, na uku zuwa na shida kuwa ko gezau. Da na ga haka sai na ƙara -D hw:0,0 a umarnin, nan take ya ƙi, ya rubuto mini "Channels count non available". Saboda haka na koma ga hanyar farko, tunda ita aƙalla tana ba ni fayil.

Na sake narka dalma a ƙafafun makirfo huɗun da suka yi shiru, na kuma musanya na uku da na farko don in tabbatar ba shi ne ya mutu ba, kuma da ya koma mazaunin na farko ya yi aiki sarai. Fayil ɗin dts, wato bishiyar na'urorin da ke gaya wa kanel abin da aka haɗa da allon, na kwafo shi ne daga wani misali na katin sauti mai tashoshi biyu, na canza sunan aisi da adireshinsa kawai, sauran na bar su yadda na same su. Shin mashiga huɗu na aisin ne suka ƙone, in nemi wani tun lokaci bai ƙure mini ba, ko akwai abin da na tsallake? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya

Wa'alaikumus salam, ƙanina. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin babu abin da ka faɗa da ke nuna aisin ya ƙone. A cikin umarni biyun da ka gwada, wanda ya ƙi shi ne ya gaya maka gaskiya, wanda ya amsa kuwa rarrashinka ya yi. A tsarin ALSA, wato sashen sauti na Linux, sunan hw yana kai ka ga direba kai tsaye ba tafinta a tsakani, don haka abin da na'ura ba za ta iya ba sai a ce maka ba za ta iya ba. Shi kuwa plughw, da kuma na'urar da arecord yake ɗauka idan ba a ambata masa komai ba, suna da wani shimfiɗi a sama wanda aikinsa shi ne ya biya wa manhaja buƙatarta ko ta halin ƙaƙa: idan ta nemi tashoshi shida alhali biyu ne a ƙasa, sai ya karɓi biyun ya cike sauran, ko da shiru ko da kwafi, gwargwadon yadda aka saita shi. Ga mai son sauraren karatu wannan alheri ne, amma ga mai neman inda matsala take rufa-rufa ce. Daga yau har ka gama binciken nan, kada ka ƙara ɗaukar sauti sai ta hw.

Gani ya kori ji, don haka ka buga arecord -D hw:0,0 --dump-hw-params, ka dubi layin CHANNELS, za ka tarar bai wuce 2 ba. Idan kana son ƙarin shaida, ka kunna ɗaukar nan taka ta farko mai layuka shida, tana cikin tafiya ka buɗe wata taga ka karanta /proc/asound/card0/pcm0c/sub0/hw_params. Wannan fayil yana nuna abin da aka saita wa na'urar a zahiri, ba abin da manhaja take zato ba, kuma idan ba a ɗaukar komai kalmar closed kawai za ka gani a ciki.

Dalilin yana cikin fayil ɗin da ka kwafo. McASP0 yana da ƙafafun bayanai huɗu, AXR0 zuwa AXR3, kuma P9_30 ɗinka shi ne AXR0. Direban yana lissafa iyakar tashoshin da zai yarda da su ne ta hanyar ninka yawan ƙafafun da aka ware wa karɓa da yawan guraben da ke cikin firam ɗaya, wato zagaye ɗaya na samfur daga kowace tasha. Misalin da ka ɗauko na I2S ne, wanda firam ɗinsa gurabe biyu ne, hagu da dama, saboda haka ƙafa ɗaya sau gurabe biyu ya ba ka biyu. Ka mayar da tdm-slots zuwa 8 a ɓangaren McASP, ka tabbatar lambar farko a serial-dir 2 ce, domin 2 ke nufin karɓa, 1 aikawa, 0 kuma a kashe. Sannan a ƙarƙashin simple-audio-card ka rubuta dai-tdm-slot-num 8 da dai-tdm-slot-width 32 a ɓangarorin biyu, na allo da na aisi, ka kuma cire i2s daga layin format ka sa dsp_a ko dsp_b. Wanne daga cikinsu, zanen lokutan sigina da ke cikin takardar bayanin aisin ne zai gaya maka, kuma ina roƙonka ka zauna ka dube shi da kyau.

Za ka ce don me takwas alhali makirfo shida gare ka. Amsar lissafi ce. A kan allon akwai agogo mai bugun megahaz 24.576 wanda ke shiga McASP ta P9_25, kuma daga gare shi ake raba agogon bit. Gurabe 8 sau bit 32 sau samfur 48,000 a daƙiƙa ya ba da megahaz 12.288, rabin wancan daidai ba saura. Da gurabe shida ne za ka buƙaci 9.216, wanda ba ya fita daga 24.576 da cikakkiyar lamba, haka ma idan ka ce sai samfur 44,100, domin shi 11.2896 yake nema. Ka bar firam ɗin da gurabe takwas, ka nemi tashoshi shida, direban zai ɗauki shida na farko ya ƙyale biyun ƙarshe. Idan kana da damar samun osiloskof, ka auna P9_31 ana cikin ɗauka: a yanzu za ka ga 3.072, bayan gyara kuma 12.288, yayin da P9_29 zai zauna a kilohaz 48 a duka biyun. Wayoyin tsalle masu tsawo da suka yi maka haƙuri a megahaz 3 ba lallai su yi a 12 ba, don haka ka gajarta su, ka kuma sa wayar ƙasa ta bi kusa da ta agogo.

Mai Gyaran Rediyo

Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, gyaran rediyo da amfilifaya nake yi, don haka a yi mini uzuri idan na kauce. Ina ganin wahalar nan ta yi yawa a kan abin da yake da hanya mai sauƙi. Me zai hana ɗalibi ya nemi katin sauti na USB guda uku, kowanne mai mashiga biyu, ya haɗa su a reshe ɗaya tunda allon nan mashigar USB ɗaya gare shi, sannan ya ɗaure su da saitin multi a cikin .asoundrc, fayil ɗin saitin ALSA, su zama kamar kati ɗaya mai tashoshi shida? Na taɓa yin haka da kati biyu lokacin da aka ba ni aikin naɗar wani zaman karatu mai makirfo huɗu, na malami da na mai jan baƙi da biyu na masu tambaya, kuma muka yi wata guda ba wanda ya yi ƙorafi. Babu ruwanka da bishiyar na'urori, babu ruwanka da osiloskof.

Ɗalibin Lantarki

Na gode ƙwarai, Injiniya, na gode Malam mai rediyo. Komai ya fito yadda Injiniya ya faɗa. Layin CHANNELS ya tsaya a 2, kuma bayan na gyara fayil ɗin na sake kunna allon, hw:0,0 ya karɓi tashoshi shida ba musu. Na je ɗakin gwaji na auna, agogon bit yana kan 12.288, bugun firam yana kan 48. A layin format na sa dsp_b, kuma gaskiya ban tsaya nazarin zanen ba, na ga dai kalmar TDM a shafin na wuce.

Yanzu kuma wata sabuwa ta ɓullo, wadda ta fi ta da tayar mini da hankali. Tashoshi huɗu na farko suna ɗauke da wata ƙara mai tsage kunne ko da ɗakin ya yi tsit, har sai da na cire abin saurare daga kunnena da sauri. Idan na yi magana kusa da makirfo ina jin alamar muryata can ƙasan ƙarar, kamar tashar rediyon da ba ta kamu ba. A Audacity layukan sun cika maƙil, amma daga tsakiya zuwa sama kawai, babu abin da ke sauka ƙasa da layin sifili. Na buga sox gwaji.wav -n stats, sai na ga DC offset, wato matsakaicin lambobin sautin, na waɗannan huɗun yana kusa da 0.5. Tasha ta biyar da ta shida kuwa babu komai a cikinsu, sifili ne tsantsa daga farkon fayil har ƙarshensa, ko ɗan huci babu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, makirfo na farko da na biyu da suke fita garau a da, su ma yanzu sun shiga cikin ƙarar. Shin wayoyin ne ba su ɗauki megahaz 12 ba, ko in haƙura in bi shawarar USB?

Tsohon Injiniya

Bari in fara da maganar Malam mai rediyo, domin shawara ce ta wanda ya yi aiki da hannunsa, kuma ga aikin da ya yi daidai take. Bambancin yana cikin abin da ake nema daga sautin. A zaman karatu, idan makirfon malami ya riga na mai tambaya da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, babu kunnen da zai kama. Shi kuwa ɗalibinmu wannan ɗan bambancin ne jarinsa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato a samfur ɗaya cikin 48,000 yana cin milimita 7 da ɗan kai, don haka daga wannan gefen da'irar zuwa wancan, santimita 10, duka-duka samfur 14 ne. Kowane katin USB yana da agogonsa, kuma babu agogo biyu da suke bugawa daidai. A ce sun saɓa da kashi 50 cikin miliyan kawai, a kowace daƙiƙa ɗaya zai tsere wa ɗaya da samfur 2.4, cikin daƙiƙa shida sun cinye samfur 14 ɗin nan kaf. Shi multi jera tashoshi yake yi gefe da gefe, ba ya haɗa agogo. Makirfo shida a kan aisi ɗaya da agogo ɗaya shi ne daidai, kada ka sake shi.

Ƙarar da kake ji ba daga wayoyi take ba. Wayar da ta gaza takan kawo ƙas-ƙas jefi-jefi, ba ta tura sauti duka sama da sifili ta tsayar da matsakaicinsa a 0.5. Wannan lambar ita ce ta tona asirin. Kowane samfur lamba ce mai bit 32, kuma bit na farko da ke fitowa a waya shi ne mai nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi. A yadda kwamfuta take rubuta lambobi, ƙaramar lamba ta ƙasa da sifili, irin su -1, jerin ɗaya-ɗaya ce daga farko har ƙarshe. To, idan mai karɓa ya yi gaggawa da bugu ɗaya, abin da zai fara ɗauka shi ne bit na ƙarshe na gurbin baya, wanda sifili ne, saboda irin waɗannan aisi bit 24 suke cikawa su bar takwas fanko. Daga nan komai ya matsa da mataki ɗaya: lambar da ke sama da sifili ta koma rabinta, wadda ke ƙasa da sifili kuma ta rasa alamarta ta yi tsalle zuwa can ƙololuwa. Hucin ɗaki mai shiru yana kai-komo ne a bakin sifili, rabi sama rabi ƙasa, saboda haka abin da kake ji shi ne lamba tana tsalle tsakanin sifili da ƙololuwa sau dubbai a daƙiƙa, matsakaicinta kuma rabi.

Bambancin dsp_a da dsp_b wannan bugu ɗayan ne kacal. A dsp_b bit na farko yana fitowa tare da bugun firam, a dsp_a kuwa sai bayan bugun agogo ɗaya. Ka ce wa McASP kada ya jira, alhali aisinka yana jira. Kada ka dogara da cewa suna ɗaya aka miƙa wa ɓangarorin biyu, domin kowane direba yana fassara sunan ne ga na'urarsa, kuma akwai direbobin da ke karɓar sunayen biyu su sa aisi a yanayi guda. Ka koma ga zanen nan da ka tsallake, ka ƙirga bugun da ke tsakanin tashin firam da bit na farko. Na fi jin tsoron kuskuren da ke kishiyar naka, inda mai karɓa yake makara da bugu ɗaya: a nan bit ɗin alama ne yake faɗuwa, sauti ya ninka ƙarfi da desibel 6, magana a hankali ta fita tas, sai an ɗaga murya ta farfashe. Mai irin wannan yakan yi wata yana rage ƙarfin makirfo bai san inda gizo ke saƙar ba. Kai naka ya yi ihu tun ranar farko, ka gode wa Allah.

Tasha ta biyar da ta shida matsalarsu daban ce, kuma sifilin nan tsantsa shi ne jagora. Da sashen da ke mayar da sautinsu lambobi yana kunne amma yana sauraren ƙafar da ba komai a kanta, da ka ga huci, da ma ƙarar nan ta kama su kamar sauran. Sifili tsantsa yana nufin sashen a kashe yake. Kanel yana da wani tsari mai suna DAPM wanda, don tattalin wuta, ba ya kunna wani sashe na aisi sai ya ga hanya a buɗe tun daga mashiga har zuwa mafita, kuma makunni ɗaya da aka bari a rufe ya isa ya sa a kashe layin gaba ɗaya. Ka buga amixer -c 0 contents ka karanta shi duka, ka kwatanta makunnai da mazaɓan mashiga na tashoshi huɗun farko da na biyun ƙarshe. Idan alsamixer ka fi so, ka tuna danna F4, domin shafin da yake buɗewa da shi na fitar da sauti ne, ba na ɗauka ba. Sannan ka leƙa /sys/kernel/debug/asoc, ka shiga jakar katin da ta aisin har zuwa dapm, inda kowane sashe yake da fayil mai cewa On ko Off tare da yawan hanyoyin da suka shigo masa da waɗanda suka fita. Sai ana cikin ɗauka za ka karanta su, in ba haka ba duk Off za ka gani ka ruɗe a banza. Idan komai ya daidaita ka buga alsactl store, don kada saitin ya tafi da ɗaukewar wuta.

Ɗalibin Lantarki

Alhamdu lillahi. Zanen ya nuna jinkirin bugu ɗaya ƙarara, kuma da na buɗe direban aisin na ga lallai sunayen biyu wuri ɗaya suke kai shi. Na mayar da layin dsp_a, ƙarar ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, DC offset ya koma kusa da sifili. Makunnin tashoshi biyun ƙarshe a rufe yake, da na buɗe shi sai huci ya bayyana ba murya, sannan na ga mazaɓinsu yana kallon wasu ƙafafu ne daban da waɗanda na haɗa, na juyo shi. Yanzu fayil ɗin WAV yana fita daidai: na ɗauka sau ashirin ina kashewa ina kunnawa, kowane karo ƙwanƙwasar makirfo na farko a layi na farko take fitowa, haka har na shida.

Saura abu ɗaya. Manhajar da na rubuta da Python tana kiran arecord da -t raw, tana karanta bayit 4096 daga bututu a kowane zagaye, ta mayar da su jadawali mai ginshiƙai shida, ta lissafa ɓangaren da sauti ya fito. Na ajiye rediyo a wuri ɗaya ban taɓa shi ba, amma kibiyar ba ta tsayawa: ta nuna inda rediyon yake, ta yi tsalle zuwa wani wuri, ta sake tsalle, ta dawo, kuma wuraren uku ne kullum, digiri 120 tsakaninsu. Lokaci-lokaci kuma arecord yana rubuto "overrun!!!", wato ma'ajiyar sauti ta cika ta yi ambaliya. Na karanta cewa a wasu alluna gurabe sukan juya bayan irin wannan ambaliya, shin abin da ke damuna ke nan?

'Yar Damagaram

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, kuma gaisuwa ga Injiniya. Na bi zancen tun farko ban sa baki ba saboda yana hannun masu shi, amma wannan na ƙarshe na taɓa faɗawa cikinsa. Gaskiya ne akwai allunan da gurabe suke juyawa idan ma'ajiyar na'ura ta cika ta zube, amma irin wannan juyi ba ya da tsari, kuma idan ya faru yakan zauna a haka har a sake kunna ɗauka. Naka yana zagaye wurare uku ba fashi, kuma ka ce fayil ɗin WAV lafiya yake sau ashirin. Matsalar tana cikin lambar 4096.

Firam ɗinka ɗaya samfur shida ne, kowanne bayit 4, jimla bayit 24. Idan ka raba 4096 da 24 za ka sami firam 170 da saurar bayit 16, wato samfur huɗu. Samfur 1024 ba sa shiga ginshiƙai shida, don haka ina kyautata zaton a wani wuri cikin manhajar ka yanke su zuwa 1020 ka watsar da huɗun don kuskuren da numpy, kayan lissafin Python, yake ba ka ya tafi. Waɗannan huɗun su ne tasha ta ɗaya zuwa ta huɗu na firam mai zuwa, saboda haka karatu na biyu yana farawa ne daga tasha ta biyar, kai kuma ka sa ta a ginshiƙin farko. Karatu na uku yana farawa daga tasha ta uku, na huɗu ya dawo ta farko. Tunda digiri 60 ne tsakanin makirfo da makirfo, matsawa da tashoshi huɗu juyin digiri 240 ne, matsawa da biyu kuma 120, ga wurarenka uku nan. Da tashoshi huɗu ko takwas kake ɗauka, da ba ka taɓa ganin wannan ba, domin 16 da 32 duk suna raba 4096 ba saura, shi ya sa misalan da ke yawo a intanet suke amfani da lambar hankali kwance.

Ka riƙa karanta abin da 24 yake rabawa, misali bayit 11,520, wanda shi ne firam 480 ko milisakan 10 daidai, kuma duk abin da ya ragu daga karatu ɗaya ka ajiye shi ka liƙa a gaban na gaba, kada ka zubar da ko bayit guda. Ka kuma riƙe -t raw ɗin nan da kyau, domin ranar da ka manta da shi arecord zai fara turo kan fayil na WAV mai bayit 44, wato tsawon samfur 11, sai tasha ta farko ta koma ginshiƙi na shida ta zauna can.

Ambaliyar kuwa daga wani wuri take. Kana karɓar bayit 1,152,000 a daƙiƙa, bututun Linux kuma bayit 65,536 yake ɗauka idan ba a canza shi ba, abin da bai kai milisakan 60 na sautinka ba. Ƙwaƙwalwar allon nan Cortex-A8 ce guda ɗaya mai gigahaz 1, don haka duk lokacin da lissafinka ya daɗe, bututu ya cika, arecord ya tsaya jiran ka kwashe, ma'ajiyar ALSA kuma ta ci gaba da cika har ta zube. Ka raba aikin biyu, zare (thread) ɗaya ba ya yin komai sai kwashe bututu yana tarawa, ɗayan yana lissafi, kuma idan lissafi ya makara ya tsallake cikakkun firam ya kama na baya-bayan nan. Kyamara ba ta buƙatar amsa sau ɗari a daƙiƙa, sau biyar ma ya wadatar. Kafin ka kai na'urar ɗakin taro, ka daina kiran katin da lamba 0, ka duba sunansa a /proc/asound/cards ka kira shi da hw:CARD= da sunan, saboda kyamarar USB da za ka haɗa mai yiwuwa tana da nata makirfon, kuma tana iya karɓe lambar a wani kunnawar.

Ɗalibin Lantarki

Malama, kamar kina kallon allon kwamfutata. Layin yana nan, na yanke zuwa 1020 tun makon farko na manta da shi. Na mayar da karatun 11,520, na ware zaren kwashewa, kuma tun bayan la'asar rediyon yana kan digiri 60 kibiya tana kansa, na zagaya da shi teburin tana binsa, ambaliya ba ta sake fitowa ba cikin awa biyu. Kyamarar ma da na haɗa ta, lallai ta bayyana a matsayin katin sauti na biyu, don haka na koma kiran nawa da suna. Gobe zan gwada da mutum biyu suna magana a lokaci ɗaya da fanka a kunne. Ɗakin gwajin namu yakan kai digiri 38 da rana, inda gudun sauti yake kusan mita 354 a daƙiƙa maimakon 343 da na rubuta a manhajar, don haka zan auna da safe in sake aunawa da azahar in kawo muku lambobin biyu.